Dole ne in fara Final Fantasy daga na ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ka faro wasannin bidiyo na Final Fantasy daga na ɗaya. A'a, kowace lamba da labarinta.

Na farko ya fito a 1987 a Famicom, na'urar wasa ta Nintendo. A 1997 Square, kamfanin da ya yi wasan, ya kai na 7 na'urar PlayStation, don faifan CD ɗinta ya fi kaset ɗin Nintendo ɗaukar kaya. Na 10 (PlayStation 2, 2001) ya fara kawo muryoyin mutanen cikin wasan. Ni dai da shi zan ce ka fara, faɗansa bi da bi ne, ba gaggawa.

Hattara: "III" na Amurka a Super Nintendo ainihinsa na 6 ne. Na 11 da na 14 kuwa sai da intanet. In tsohuwar na'ura za ka saya, mai gyara ya gwada maka tukuna.