Kar ka kuskura ka jona wa maganeton nan batir

Sani, na ga saƙonka tun bayan la'asar, hannuna duk baƙin mai ne shi yasa ban amsa ba sai yanzu. Ka ce jan taraktan nan da Alhaji ya sa aka sauke masa daga Amurka don ado a gonarsa, mai rubutun Farmall H a jiki, ka juya shi da hannu har kafaɗarka ta sage babu wuta a filogi ko ɗaya, ka duba baka ga kwayil irin na mota ba, shine kake tambaya ko ka jawo waya daga batir ka jona a ɗan kusan nan na gefen akwatin, ko kuma ka cire akwatin gaba ɗaya ka sa wani mai suna Wico da ka gani wajen 'yan gwangwan.

Toh tun kafin mu je ko'ina, wannan wayar batir ɗin ajiye ta. Akwatin nan maganeto ne, shi yake haɗa wutarsa da kansa, baya roƙon kowa. Kusan da ka gani a gefe na kashe inji ne, idan ka taɓa shi da bodi wuta ta ɗauke inji ya mutu, aikinsa kenan. Ka ba shi wutar batir kuwa cikin ƙiftawar ido kwayil ya ƙone, wani lokacin har maganaɗisun ya rasa ƙarfi. Ni na taɓa yi ai, ina yaro kamarka, a kan wani tsohon injin ban ruwa, warin da ya tashi har yau ina jin sa a hancina, maigidana Allah ya jiƙansa kwana uku bai min magana ba.

Kuma kar sunan ya tsorata ka, ka daɗe kana gyara ɗan'uwansa baka sani ba. Ƙaramin janareta da injin ban ruwa na 'yan fadama, wanne ne yake da batir? Igiya kake ja, maganaɗisun da ke jikin filawil ya gifta kwayil, wuta ta fito. Shine dai, sai dai na tarakta an tattara komai a akwati ɗaya, maganaɗisu mai juyawa, kwayil, kwantak (ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don katse wuta), kwandansa mai hana shi tartsatsi, da kan rabon wuta zuwa filogi huɗu. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da irin mai ba filogi wuta kai tsaye a 1902, kuma har gobe ƙananan jiragen sama masu fistin da shi suke tashi, guda biyu ma suke sawa. Dalilin da yasa baka saba ganinsa a tarakta ba shine namu na nan, su Massey Ferguson da Fiat da Steyr, dizal ne, ba ruwansu da filogi. Wannan kuwa kamfanin International Harvester ne ya yi shi tsakanin 1939 zuwa 1953, sun yi wajen dubu 390, maganetonsa H4 ake ce masa, kuma saboda yawansu har yanzu ana samun sabon kwayil da kwantak da kwandansa nasa a Amurka. Kaga ba maraya bane.

Yanzu ga yadda zaka bi da shi. Kafin ka kwance komai ɗauki waya ka yi hoto, ka sa alama da fenti inda jikinsa ya zauna da inda rota, wato abin da ke juyawa cikin kan rabon wuta, take kallo. Ka fara da kwantak, wallahi mafi yawan waɗanda aka kawo min ana cewa sun mutu kwantak ne kawai ya yi tsatsa saboda zama. Ka goge bakinsa da 'yar siririyar zarto ko samfefa mai laushi, sannan ka ja farar takarda a tsakani har sai ta fito fes, don ɗan maiƙon yatsanka ma ya isa ya hana wuta. Buɗewarsa a H4 inci .013 ne, da fila gej zaka auna, ban yarda da aunin ido ba. Sai ka riƙe wayar da ke fita kamar milimita 6 daga bodi ka juya. Wuta shuɗiya mai ƙara tas muke nema, in ja ce mai lalaci akwai saura. Kuma kar ka riƙa juya shi waya na reto a iska ba inda wutar zata sauka, in ta rasa hanya cikin kwayil take hudawa.

In kwantak ya yi tsaf amma kana ganin tartsatsi sosai a bakinsa, kwandansa ce, canza ta, ba a gyaranta. Ranar da babu tasa, ta tsohuwar Fijo 504 ko Bitil tana fid da kai kunya in ka samu inda zata zauna.

Kwayil shine mai wayo. Zaka sa mita ka ga waya mai kaurin da ke naɗe a cikinsa tana nuna ƙasa da ohm ɗaya, siririyar kuma dubbai, ka ce lafiya lau, inji ya tashi ya yi minti ashirin yana aiki kamar sabo, da ya ɗau zafi sai ya mutu, ka yi ta juyi a banza, ka tafi ka ci abinci ka dawo ya huce bugu ɗaya ya tashi. Yara da yawa a nan suke kwance kafireto suna zagin mai. Ba mai bane, fentin da ya raba wayoyin ciki ne ya tsufa, shekara saba'in ba wasa ba, in ya ji zafi sai ya saki. Kuma kar ka ce zaka kai wa masu rewayin na fanka da famfo, ba raina su nake ba, amma wayar nan ta fi gashin kai siranta kuma zagaye dubbai ne, kaɗan ne suke da kayan yinta. Alhajin da ya iya biyan kuɗin kwantena zai iya aikowa da sabon kwayil.

Maganaɗisu kuma shi kowa yake fara zargi alhali shi ne na ƙarshe. Na H4 na haɗin ƙarfen da ake kira Alnico ne, yana riƙe ƙarfinsa sosai. Na da can masu siffar takalmin doki su ne suke sanyi, su in ka cire dole ka gitta ƙarfe a bakinsu nan take. Kowanne dai kar ka buga masa guduma, kar ka kai shi kusa da wutar walda.

Sai abin da nafi so ka gane, wanda yake can baya wajen da yake haɗuwa da inji, imfols, ni tarko nake ce masa. Hannun mutum baya iya juya inji da saurin da maganeto ke buƙata, shine suka sa sifirin da 'yan ƙugiyoyi, kana juyawa a hankali ƙugiya ta riƙe maganaɗisu sifirin yana ɗaurewa, sai fistin ya kai ƙarshen sama sannan ta saki, ƙas, ya fizga da gudu ya ba da wuta mai ƙarfi. Aiki biyu kenan, ya ƙara wuta kuma ya jinkirta ta. Inji na tashi ƙugiyoyin su buɗe da kansu wuta ta koma tana zuwa da wuri. Shi yasa nake tambayarka, da kake ta juyin nan ka ji ƙas ƙas? In baka ji ba wataƙila tsohon giris ne ya daskare ya kama ƙugiyoyin, wanke da kananzir ka ɗiga mai mara kauri.

Wajen mayarwa, cire filogi na ɗaya ka toshe ramin da babban yatsa a juya har ka ji iska na turo ka, a ci gaba a hankali har alamar da ke kan fuli ta zo daidai da tsinken nuni. Ka karkata jikin maganeton har tarkon ya saki daidai nan, ko bayan nan da kaɗan, amma banda kafin nan. In ya saki kafin fistin ya kai sama inji baya zai harba, hannun juyin ya dawo maka. Na ga wanda tsintsiyar hannunsa ta karye a haka, magidanci, wata biyu yana wajen mai ɗori. In zaka kama hannun juyin, babban yatsanka ya zauna gefe ɗaya da sauran yatsu, ka ja sama, kar ka danna ƙasa, giya kuma a firi. Jerin wayoyi 1-3-4-2, kuma waya mai tagulla a ciki zaka sa, ta motocin yanzu mai baƙin zare tana shanye wutar.

Maganar Wico ɗin 'yan gwangwan kuma, kamfani ne mai kyau, shi da Fairbanks-Morse sun yi wa taraktoci da yawa. Ana dasa na wani a jikin wani, na yi, amma ba don ramin kusoshi ya yi daidai ba shikenan. Na silinda nawa ne? In daga John Deere mai silinda biyu ya fito manta da shi, waɗannan bugunsu ba a daidaice yake ba, ɗaya ya buga ɗayan ya biyo bayan digiri 180 sannan a yi dogon shiru na 540. Wane gefe yake juyawa in ka kalle shi ta wajen tarko, dama ko hagu? H4 ɗin kansa akwai L da R a jikin giyar rota saboda haka, shi yasa na ce ka yi hoto. Haƙoran tarkon sun shiga gurbin injin ba tare da ka sa zarto ba? Sannan jinkirin tarkon digiri nawa ne, don in bai dace da injin ba zaka samu ya tashi lafiya amma ba ƙarfi yana zafi, ko ya yi ƙarfi amma yana neman hannunka kullum. In bashi da tsada saye shi ka ajiye, ko don sifirin da boris, amma duba jikin da kyau, wasu tsofaffin an zuba su da ƙarfen tutiya mai kumbura yana tsagewa, wannan ba walda ba gam.

Mayar da shi na batir kuwa ana yi, kamfanin da kansa daga baya ya yi distiributa mai shiga gurbin. Sai dai taraktan da za a tayar sau uku a shekara don baƙi, duk ranar da aka zo batir ya mutu. Kuma masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja shi da kayansa na asali, Alhaji bazai gode maka ba.

Gobe in Allah ya kai mu kwanto shi ka taho da shi gareji bayan ka sa alamar, ka nannaɗe shi a tsumma kar ya sha ƙura a kan mashin. Ka haɗo da fila gej ɗina da ka ara tun watan jiya.