Rikicin Nagorno-Karabakh yaƙin addini ne?

Malam, ka tambaya ko faɗan Armeniya (mai rinjayen Kirista) da Azarbaijan (mai rinjayen Musulmi) kan yankin Nagorno-Karabakh yaƙi ne tsakanin Kirista da Musulmi. A ganina rigimar ƙasa ce da ƙabilanci, addini daga baya aka yafa mata.

Tushen yana zamanin Tarayyar Sobiyat. A 1923 aka ba yankin, mai rinjayen Armeniyawa, ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a cikin Azarbaijan. A 1988 suka nemi haɗewa da Armeniya, rikici ya zama yaƙi har zuwa tsagaita wuta a 1994. Aka sake gwabzawa kwana 44 a 2020, sannan a Satumbar 2023 Azarbaijan ta karɓe yankin baki ɗaya, Armeniyawa sama da 100,000 suka tsere.

Dubi ƙawayen kowa. Yawancin Musulmin Azarbaijan 'yan Shi'a ne, amma Iran ta fi ɗasawa da Armeniya. Isra'ila kuwa Azarbaijan take sayar wa makamai, Turkiyya ma Azarbaijan take mara wa baya. Gwamnatin Azarbaijan ma ba ta addini ba ce, tana sa ido sosai kan masallatai da malamai.

Sai dai kada ka ce addini bai shigo ba sam. An lalata masallatai a Agdam, gundumar Azarbaijan da ke gab da yankin, an kuma harbi majami'ar Armeniyawa da ke garin Shusha a cikin yankin a 2020. Yi hattara da bidiyon Facebook, kowane ɓangare ɓarnar ɗayan kawai yake nunawa.

In bincike kake rubutawa, nemi malamin hulɗar ƙasa da ƙasa ya duba maka ƙararrakin da ƙasashen biyu suka kai Kotun Duniya a 2021.