Akwatin talla ya zama "bam" a Boston: amsar lauya ga wata uwa

Assalamu alaikum, Barista. Ni uwa ce a nan Kano, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Yaron wajena na fari yana shekara ta biyu a jami'a a wani gari kusa da Boston. Wani kamfanin talla ya ba shi aiki shi da abokinsa, dala 200 kowanne, su liƙa wasu 'yan akwatuna masu walƙiya a jikin turakun fitilu da ƙarƙashin gada, wai tallan sabon lemo ne. Washegari wata mata ta hango ɗaya waya tana reto a jiki, ta kira 'yan sanda, aka rufe titi, masu kwance bam suka zo da karnuka. Ba a kama shi ba, amma wani ɗan sanda ya bar masa kati a ƙofa, wai ya je su ɗan tattauna. Mutumin kamfanin kuma ya ce ya yi shiru, ya goge saƙonninsu, su za su ji da komai. Babansa ya ce a yanko masa tikiti ya dawo gida kawai. Mene ne abin yi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya kawo mafita. Kafin komai, ki kira ƙanin nawa yau ɗin nan ki ce masa kada ya goge ko harafi ɗaya daga wayarsa, kada ya taka ofishin 'yan sanda shi kaɗai, tikitin kuma a dakata da shi. Zan faɗi dalilai, amma sai na fara ba ki labarin da duk ɗan sanda da duk alƙali a wannan yanki yake ɗauke da shi a ka, don da idon wannan labarin za a kalli yaronki.

Ranar 31 ga Janairu 2007, wajen ƙarfe takwas na safe, aka hango wani abu manne a jikin ƙarfen gadar babbar hanyar I-93, saman tashar jirgin ƙasa ta Sullivan Square. Baƙin allo ne, faɗinsa bai wuce faranti babba ba, an jera masa ƙananan ƙwayayen lantarki, ga manyan batura huɗu an naɗe da baƙin salatif, ga wayoyi a fili, ga maganaɗisu a baya. Da dare in ya kama, hoton wani ɗan aljanin zane yake bayarwa ya ɗaga yatsan tsakiya, wanda a wajensu daƙuwa ce. Da rana kuwa ba ka ganin komai sai waya da batir. Masu kwance bam suka fasa shi da bindigar ruwa. Kafin la'asar an rufe wani ɓangare na babbar hanyar, an tsayar da jiragen ƙasa, an datse gadoji, har kogin Charles aka hana jirage bi. Ashe tallan wani fim ɗin zane ne na tashar Cartoon Network, mallakar Turner Broadcasting, kuma wani kamfanin talla mai suna Interference ne ya ɗauki samari biyu masu zane, ɗaya ɗan shekara 27 ɗaya 28, suka manna allunan 38 a Boston da kewaye.

Abin mamakin shi ne, an manna irinsu a wasu birane tara, har da New York da Chicago da Los Angeles, sun yi makonni a rataye, ba inda aka yi irin wannan firgitar. Shi ya sa jama'a da dama suka yi wa Boston dariya. Ni ban taya su ba. Jirage biyun da suka daki tagwayen benaye a New York ranar 11 ga Satumba 2001 daga filin jirgin Logan na Boston suka tashi, wanda maciji ya taɓa sara kuwa ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Bayan bam ɗin gasar gudun fanfalaki na 15 ga Afrilu 2013, wanda ya kashe mutum uku, garin ya ƙara zama mai saurin firgita. Saboda haka maganar "ai sun cika tsoro" ta zaure ce, kada ta fito daga bakin yaronki a gaban hukuma. Ba wanda zai tuhumi matar da ta buga waya, kuma ba wata ƙara da zai shigar a kan gari don an rufe titi da za ta kai labari.

A daren aka kama samarin nan biyu, aka tuhume su da dasa bam na bogi da kuma tayar da hankalin jama'a, aka ba da belin kowanne a kan dala 2,500. Da suka fito 'yan jarida suka yi musu caa, su kuma suka ce ba abin da za su tattauna sai salon gyaran gashi na shekarun 1970. Matasa sun ji daɗin wannan, magajin gari Thomas Menino bai ji ba. To amma ga yadda ta ƙare. Cikin kwana biyar Turner da Interference suka amince za su biya dala miliyan 2, rabi don mayar wa hukumomi abin da suka kashe, rabi gudummawar tsaro. Shugaban Cartoon Network, Jim Samples, ya ajiye aiki ranar 9 ga Fabrairu. A watan Mayu ofishin Antoni Janar ta jihar, Martha Coakley, ya janye tuhumar, bayan ɗaya ya yi aikin taimakon al'umma na awa 80, ɗayan awa 60, a wani asibiti, suka kuma nemi afuwa a kotu. Ba wanda aka yanke wa ɗauri.

Me ya karya tuhumar? Niyya. Dokar Massachusetts a babi na 266 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya ajiye bam na bogi, amma da sharaɗin ya ajiye shi da nufin jefa tsoro ko fargaba a zukatan mutane. Firgitar da jama'a suka yi kaɗai ba ta isa hujja ba. Sai mai gabatar da ƙara ya nuna cewa firgitar ce mai ajiyewar yake nema, kuma tun zaman farko a 2007 alƙalin ya matsa a kan wannan gaɓa. Dokar tarayya ta 2004 a kan ƙaryar ta'addanci ita ma a kan niyya ta tsaya. Yaron da aka ce liƙa tallan lemo, ga sunan lemon a jikin akwati, ga saƙon da aka turo masa da jerin wurare, yana da kariya mai ƙarfi. Wannan kariyar kuwa a cikin wayarsa take zaune, a cikin saƙonnin nan da mutumin kamfani yake so a goge.

Ki dubi wanda gogewar za ta amfana. Idan saƙonnin suka ɓace, kamfani zai iya cewa bai taɓa aiken kowa ƙarƙashin gada ba, yara ne suka yi gaban kansu. Yaronki kuma ya tashi daga wanda bai yi babban laifi ba ya koma wanda ya lalata hujja ana tsakiyar bincike, wanda laifi ne mai zaman kansa. Bayan harin 2013 an ɗaure ɗalibai biyu 'yan Kazakistan na shekaru, su da ba su dasa komai ba, don sun kwashe jaka da kwamfuta daga ɗakin abokinsu, ɗaya daga cikin waɗanda suka dasa bam ɗin. Wani abokin nasu na uku ƙarya ya yi wa jami'an tarayya, shi ma ya sha ɗauri. Ya ɗauki hoton kowane saƙo, da shaidar shigar kuɗi, da lambar da aka kira shi da ita, ya adana. Idan kamfanin ya turo lauya, a karɓe shi da fara'a amma a san na kamfani ne, wanda ya biya shi yake karewa.

Akwai abu ɗaya da ba ya jira. Idan har yanzu akwai sauran akwatunan a rataye, dole 'yan sanda su san inda suke kafin wani ya sake buga waya. A 2007 abin da ya fi ƙona ran hukuma shi ne an wuni ana rufe gari kafin kamfanin ya fito ya ce nasa ne. Amma lauya ne zai miƙa jerin wuraren. Kada yaron ya saci jiki da dare ya je cirowa. Saurayi da jaka a ƙarƙashin gada yana taɓa waya, ba sai na ƙarasa miki ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, tun da wani matashi ɗan Najeriya ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama mai zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba 2009, matashi Musulmi mai fasfon Najeriya ba ya samun uzurin da waɗancan samari suka samu har suka yi wasa da 'yan jarida. Ba a rubuta haka a doka ba, amma da shi ake lissafi.

Katin ɗan sanda gayyata ce, ba sammaci ba. Tsarin mulkin Amurka ya ba duk wanda ke ƙasar, ɗan ƙasa ko baƙo, 'yancin ƙin amsa tambayar da za ta iya ɗaure shi. Ya amsa cikin ladabi cewa lauyansa zai kira, shi ke nan. Na san tarbiyyar gidajenmu, babba ya kira ka ka je, ka sunkuyar da kai ka faɗi gaskiya. A nan baki shi ke yanka wuya, kuma ga inda zai yanka. Jimlar da za ta wanke shi daga zancen bam, wato "aiki aka ba ni, an biya ni dala 200", ita ce za ta iya kashe masa karatu. Mai bizar ɗalibi ta F-1 an yarda ya yi aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu. Aiki a waje ba tare da izini ba, ko na wuni ɗaya ne, karya sharaɗin biza ne, kuma wanda aka soke wa rajista a kan wannan dalili ba a mayar da shi ta hanyar da ake mayar da sauran. Jami'in ɗaliban ƙetare na makarantarsa, duk kirkinsa, doka ta wajabta masa ya kai rahoto idan ya sani. Don haka kada ya fara da ofishin makaranta. Ba cewa na yi ya yi ƙarya ba, ko kusa. Cewa na yi lauya ne zai tsara abin da za a faɗa, da wanda za a faɗa wa, da lokacin faɗa. A wurina wannan ce babbar matsalarsa, ta fi ta bam ɗin nauyi.

Lauyan da za ku nema mai lasisin Massachusetts ne da ya saba da shari'ar laifuka, kuma ya san dokar shige da fice ko yana aiki da wanda ya sani. Lauyan kyauta na gwamnati sai an gurfanar da mutum ake ba shi, ku kuwa so kuke kada a kai can. Ku nemi yarjejeniyar kuɗi a rubuce.

Idan 'yan sanda suka ga ba zancen bam, abin da ya rage ƙanana ne: liƙa talla a kayan gwamnati ba izini, shiga inda aka hana, ko tayar da hankalin jama'a, wanda a karon farko tararsa ba ta wuce dala 150 ba. Irin waɗannan, tunda ba a kama shi ba, yawanci takarda ake aikowa a gayyace shi gaban magatakardan kotu. Ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, ɗan sanda ya karanta rahotonsa, lauya ya yi bayani, magatakarda ya duba ko akwai dalilin buɗe ƙara. Sau da yawa yakan ce zai riƙe takardar wata shida, in ba a sake jin ɗuriyar yaro ba ta mutu. Idan ta mutu a nan, ba ta shiga kundin masu laifi na jihar. Wannan ɗakin nake yi masa fata.

Idan kuma ta kai gaban alƙali, akwai tarko ɗaya da baƙi suke yawan faɗawa. Za a iya yi masa tayin abin da lauyoyin can ke kira CWOF, wato ya amsa cewa hujjojin sun isa, a ɗage shari'a, in ya zauna lafiya a kore ta. Ga ɗan ƙasa sauƙi ne. Ga hukumar shige da fice kuwa wannan amsawar daidai take da an same shi da laifi. Wanda ya fi masa shi ne a sa masa ido na wani lokaci kafin shari'a ba tare da ya amsa komai ba, ko a janye ƙara a madadin aikin taimakon al'umma kamar yadda aka yi a 2007. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Padilla, wajibi ne lauya ya gaya wa baƙo abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa a ƙasar, saboda haka ya tambaya kai tsaye kafin ya sa hannu a komai. Batun kuɗin da hukuma ta kashe kuma, lauyansa ya tura shi inda ya dace, wajen kamfanin da ya tsara tallan ya kuma zaɓi wuraren. Idan aka tsare shi, yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta wajabta a sanar da ofishin jakadancin Najeriya, mafi kusa da shi kuwa shi ne na New York.

Saura maganar Alhaji. Ki ba shi haƙuri, na fahimci uba. Tunda ba a tuhumi yaron ba, doka ba ta hana shi hawa jirgi. Amma tafiya kwana uku bayan an rufe titi kama take da gudu, kuma ana iya buɗe ƙara a bayansa. In bai bayyana ba a fitar da takardar kamu, wadda za ta zauna tana jiransa shekara da shekaru, ta kuma fito duk ranar da ya nemi biza. Kuɗin tikitin nan a ba lauya. Idan an rufe maganar, aka karɓi takardar shaidar rufewa a hannu, ya zo hutu ya ci tuwon gida, amma ko a lokacin sai lauyan shige da fice ya duba bizarsa ya ce za ta mayar da shi.