Hukuncin kai ƙarar hukumar ruwa saboda ɓarnar da ruwa ya yi a gida

Tambaya: Malam, ina haya a hawan ƙasa na wani gida a Makka. An sauya bututun unguwarmu, aka sako ruwa da ƙarfi cikin dare ba tare da sanarwa ba, bututu ya fashe, ruwa ya lalata mana firji da darduma da katifu, bango ya jiƙe. Wasu dattawa sun ce ƙaddara ce, kuma kai ƙarar hukuma saɓa wa shugabanni ne. Ya halatta in nemi diyya a kotu?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri. Neman diyya ya halatta, domin Annabi (SAW) ya ce ba a cuta kuma ba a rama cuta da cuta, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, kuma Allah Ya ɗauke laifi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi, a aya ta 41 ta Suratush Shura. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta sauke lamuni, wato nauyin biyan ɓarna, daga wuyan wanda ya yi sakaci.

Maganar saɓa wa shugabanni kuwa ba ta da tushe, tun da shugabannin ne da kansu suka kafa kotuna, har da Diwanul Mazalim mai sauraron ƙorafin jama'a a kan ma'aikatun gwamnati, kuma dokar mu'amalolin jama'a ta Saudiyya ta 2023 ta ɗora biyan diyya a kan duk wanda kuskurensa ya cutar da wani. A shekara ta 8 bayan Hijira, da rundunar Khalid bin Walid ta auka wa Banu Jazima bisa kuskure, Annabi ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya su rayuka da kayayyaki, malaman tarihi suka ce har kwanon da kare ke shan ruwa a ciki sai da ya biya.

Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne tantance wanda lamunin ya hau kansa. Malikiyya suna lamuntar da wanda ya ɓata abu da hannunsa, da kuma wanda ya zama sanadin ɓarnar ta hanyar ƙetare iyaka ko sakaci. A bisa al'ada, abin da ke gabanin mita na hukuma ne, abin da ke bayanta na mai gida. Idan fashewar ta auku a ɓangaren hukuma, ko suka ƙara ƙarfin ruwa fiye da abin da lafiyayyen bututu ke ɗauka ba tare da gargaɗi ba, biya ya hau kansu. Idan kuwa bututun gidan ya riga ya ruɓe, ko awwamar tankin ƙasa, wato abin da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika, ta daɗe da lalacewa, ka sanar da mai gida ya yi biris, to shi za ka bi. Asalin wannan rabo yana cikin hukuncin taguwar Bara'u bin Azib da ta yi ɓarna a wata gona, inda Annabi ya ɗora tsaron gonaki da rana a kan masu su, ɓarnar dabbobi da dare kuma a kan masu dabbobin. Haka nan idan ka ga ruwan yana kwarara, kana iya rufe famfo ka ƙi, ɓarnar da ta ƙaru bayan haka a kanka take.

Hujja tana kan mai da'awa, saboda haka ka ajiye hotuna da rasiɗai da rahoton ma'aikacin famfo mai gaskiya, ka fara shigar da ƙorafi a wurin hukumar kafin kotu, ka tambayi lauya kotun da ke da hurumi. Bangon na mai gida ne, shi zai nemi diyyarsa. Kai kayanka kawai za ka nema, kuma da ƙimarsu ta ranar da suka lalace. Tsohon firjin da bai wuce riyal 400 ba a kasuwar gwanjo, haramun ne ka rubuta masa kuɗin sabo, ko da alƙali ya yarda, domin Annabi ya ce wanda aka yanke masa haƙƙin wani saboda iya baki, yankin wuta aka yankar masa. Dukiyar hukuma kuwa ta jama'a ce baki ɗaya.

Idan suka nemi sulhu da adadin da ya kusanci asararka, karɓa ya halatta, yafewa ma haka, amma babu mai ikon tilasta maka ko ɗaya. Allah ne Mafi sani.