Ta yaya zan sa ɗalibai su damu da harkokin al'umma?

Malama, kin ce darasin zama ɗan ƙasa ya koma wa ɗalibanki haddar jarrabawa, kina neman mafita.

A ganina, ki ba su abin da za su yanke shawara a kansa da gaske. Ko ɗan kuɗin aji ne: su kawo buƙatu, su yi muhawara, su kaɗa ƙuri'a, wanda ya sha kaye ya haƙura. Birnin Porto Alegre na Brazil ya fara haka da kasafin kuɗinsa a 1989, daga baya makarantu a ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Sai dai in sun zaɓa, kada shugaban makaranta ya soke, don yara na saurin gane zaɓen jeka-na-yi-ka. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya ce a saurari ra'ayinsu.

Don su koyi tantance labaran intanet kuwa, ɗauko wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, su binciko wanda ya fara yaɗa shi da lokacin da aka ɗauki hoton. Sannan su rubuta wa wakilinsu a majalisa wasiƙa kan matsala guda, ban da zagi, kowa ya sa hannu.