Tambaya da Amsa: CCNA ko Network+, da wacce zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na yi digiri a fannin tarihi, na gama bautar ƙasa, yanzu ina sana'ar POS a bakin kasuwar Wunti. Ina sha'awar aikin haɗa kwamfutoci, wato netiwok, amma ban da wayata ban taɓa sarrafa wata na'ura ba. Wani abokina ya ce in yi CCNA, wani kuma ya ce Network+ ce ta 'yan koyo. Abin da na tara ba zai ishe ni jarrabawa biyu ba. Da wacce zan fara?
Daga mai karatu a Jahun, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗaure bakin jakar nan tukuna. Duk jarrabawar da abokanka suka ambata da dala ake biyanta, kuma idan ka faɗi ba a mayar maka da ko sisi. Kai da kake ƙirga kuɗin mutane kullum ka fi ni sanin yadda dala ta mayar da naira.

Abu na farko da za ka saya shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce. Da ita za ka yi rajista a Cisco Networking Academy, makarantar intanet ta Cisco, kamfanin da ke ƙera na'urorin netiwok, inda akwai darasin Networking Basics kyauta, ka kuma sauke Packet Tracer, shi ma kyauta. A cikin wannan manhaja za ka jera kwamfutoci da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya) da rauta (mai haɗa netiwok da wani netiwok) a fuskar allo, ka ja waya tsakaninsu, ka ba kowacce adireshi, ka ga ko za su gaisa. Idan ka ɓata, ka goge ka sake, babu abin da zai ƙone. Ka ba abin wata biyu, awa ɗaya kullum bayan ka rufe shago. A nan za ka gane ko aikin ne kake so ko labarin albashinsa.

Sannan ka sayi kebul na Cat6, wato wayar netiwok, kamar mita goma, da kawunan RJ45 da ake sa wa bakin wayar, da filayar matse su. Wannan ina faɗa ne saboda abin da ya same ni. Farkon shigata aikin, an ba ni haɗa wani ɗakin kwamfuta a Gombe. Na feɗe kebul, na ga silili takwas a murɗe bibbiyu, sai na jera su yadda suka yi mini kyau a ido: lemu biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ƙasa-ƙasa biyu, haka a kai biyun. Gajerun wayoyi suka yi aiki, na fara hura hanci. Dogayen da suka je ƙarshen ɗaki kuwa, sai su kawo su ɗauke. Kwana biyu ina zargin suwic. Wani dattijon ma'aikaci ya ɗauki kan waya guda, ya ɗaga shi wajen haske, ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan jeri?" Jerin da ake bi, wanda ake kira T568B, shi ne: fari mai lemu, lemu, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Kore biyun ba sa zama kusa da juna, shuɗi ne a tsakaninsu. Ranar na yanke kawuna sun fi talatin na sake matsewa, har tafin hannuna ya yi kanta. Ya kuma ƙara mini da cewa kada kebul ɗaya ya wuce mita 100.

To, ga jarrabawowin. Network+ ta kamfanin CompTIA ce, ba ta jingina da na'urar wani kamfani ba. Tambayoyinta ba sa wuce 90, a minti 90, kuma ana cinta da maki 720 cikin 900. Karatunta yana da kyau ga ɗan koyo, abokinka bai yi ƙarya ba. Sai dai kuɗinta ya haura dala 350, kuma masu ita da kansu suna ba da shawarar mutum ya yi wata tara zuwa shekara yana aikin kafin ya zauna mata. CCNA ta Cisco, mai lamba 200-301, dala 300 ce, minti 120, ba a neman wata takarda kafin a rubuta ta. Ta fi wuya nesa ba kusa ba, amma ta fi arha, kuma a tallan neman ma'aikata da nake gani a ƙasar nan sunanta ya fi fitowa. Kowacce shekara uku take yi kafin a sabunta ta.

Akwai ta uku da abokanka ba su ambata ba: CCST Networking, wadda Cisco ta fito da ita a 2023 musamman don irinku. Dala 125 ce, minti 50. Ita kaɗai ba za ta buɗe maka ƙofar banki ko kamfanin sadarwa ba, amma tsani ce mai kyau ga wanda yake son ya gwada ƙarfinsa.

Da ni ne kai, mai kuɗin jarrabawa ɗaya, zan karanta abin da ke cikin Network+ da CCST ba tare da na biya ba, in ajiye kuɗin don CCNA. Darussan Jeremy's IT Lab a YouTube sun bi manhajar CCNA daga farko har ƙarshe, kyauta, datarka kawai za ta ji jiki. Inda yawancin mutane ke zubar da makamai shi ne rarraba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netiwok, gida-gida. Sai ka kai matsayin da idan an ce maka /24, alamar da ke nuna girman gidan, za ka ce yana ɗaukar na'ura 254, an ce /26 ka ce 62, ba tare da ka nemi biro ba. Mai POS ba ya tsoron lissafi, wannan ribarka ce. Digirin tarihi ma bai tafi a banza ba, domin jarrabawar da Turanci ake yinta, kuma wanda ya saba dogon karatu ya fi fahimtar tambaya mai lauje cikin naɗi.

Za a kawo maka ekspo, tambayoyin sata da ake yawo da su a WhatsApp. Kada ka taɓa. Cisco na iya soke takardar wanda aka kama. Na taɓa zama da wani matashi mai CCNA sabuwa fil, na ce ya duba mini adireshin kwamfutar da ke gabansa, ya yi ta kallon allo kamar an kai ɗan ƙauye birni.

Kafin lokacin jarrabawa, ka nemi inda za ka sa hannu. Cibiyoyin jarrabawar JAMB, masu kwamfuta 250 a ɗaki guda, suna buƙatar hannu duk lokacin shiri. Haka masu kafa intanet a otal-otal da ofisoshi, waɗanda da yawansu na'urorin MikroTik suke amfani da su. Ka bi ɗaya daga cikinsu ko da ɗaukar tsani ne.

Idan ranar ta zo, ana iya rubuta CCNA daga gida ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Amma da halin wutarmu da yadda sabis ke ɗaukewa, gara ka ware kuɗin mota ka je cibiyar da aka amince da ita, ko da sai ka kwana a Abuja.