Tirelata ba ta da garkuwa, kuma an rubuta mini laifi: wa zan kama?

Tambaya: Barista, ina jan tirela marar bango a jihar Ohayo ta Amurka. Motar da aka ba ni ba ta da garkuwar ƙarfen nan ta bayan kan mota. Na ɗauko ƙarafan gini masu tsawon ƙafa 40, nauyinsu laba 44,000, na ɗaure da bel huɗu. Jami'in duba motoci ya tsayar da ni ya rubuta mini laifi. Ba kamfani ya kamata ya kama ba?

Amsa: Malam, ka yi haƙuri, jami'in na da gaskiya. Ƙa'idojin ɗaurin kaya na FMCSA, hukumar tarayya mai kula da tsaron manyan motocin kaya da na fasinja a Amurka, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2004, ba su tilasta wa kowace mota garkuwa ba. Sashe na 393.114 yana hawa ne kawai idan kayan sun jingina da katangar gaban tirela. A nan ne ake so tsayinta ya kai ƙafa 4 ko ya tare kayan, idan kuma ba ta kai ƙafa 6 ba ta iya jure turin rabin nauyinsu.

Rashin katangar yana ƙara maka ɗauri. Kayan da ba abin da ya tare su ta gaba, sashe na 393.110 ya ce ƙafa 10 na farko ɗauri biyu, kowace ƙafa 10 bayan nan ɗauri ɗaya. Naka ke nan biyar, ka sa huɗu. Ko da akwai garkuwa a jikin kan motar lissafin ba zai sauya ba, tunda kayan ba su taɓa ta.

Sai ƙarfin ɗaurin. Jimillarsa dole ta kai rabin nauyin kaya, wato laba 22,000. Bel mai faɗin inci 4 da lambar da ke nuna nauyin da zai iya riƙewa ta goge, laba 4,000 ake lissafa masa. Biyar sun ba ka 20,000, ba ka kai ba. Mai lamba 5,400 a jikinsa, biyar sun isa. Direbobi da dama a nan suke faɗawa: bel lafiyarsa lau, rana da ruwa sun cinye rubutun. Bel mai ƙulli bai halatta ba, kuma inda ya hau kaifin ƙarfe sai an sa masa kariya, in ba haka ba kafin a yi nisa ya tsinke.

Dalilin da laifin ya hau kanka shi ne sashe na 392.9: direba ne zai duba kaya kafin tashi, ya sake dubawa cikin mil 50 na farko, sannan duk awa 3 ko mil 150, wanda ya riga zuwa. Kamfanin ma laifin na shiga kundinsa, naka kuma zai yi shekara 3 masu ɗaukar aiki na ganinsa.

Kana iya ƙalubalantar rahoton ta DataQs, shafin intanet na FMCSA na neman gyaran irin waɗannan rahotanni, amma a yadda ka bayyana ban ga ƙofar nasara ba, sai in an yi kuskuren tsawo ko nauyi. Inda kake da ƙarfi shi ne idan ka shaida wa kamfani kayan ɗauri ba su isa ba, suka yi maka barazanar kora ko hana lodi. Wannan tursasawa ce, kana da kwana 90 ka kai ƙara FMCSA. In sun kore ka saboda ka ƙi tuƙi, kwana 180 gare ka ka kai wa OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki. Ka adana saƙonnin waya da takardar lodi, ka riƙa ɗaukar hoton ɗaurinka kafin ka bar harabar da aka yi maka lodi.